Zagayen duwatsun Shere a ƙafa

Duk wanda ya tashi a Jos ya san duwatsun Shere, ko da bai san sunansu ba. Su ne jerin tsaunukan nan da ke gabas da gari, ta inda rana ke ɓullowa, waɗanda ake hangowa idan hazo bai rufe ba. Tsakaninsu da tsakiyar gari bai wuce kilomita 10 ba. Amma a unguwarmu, in ka cire 'yan makarantar da aka taɓa kaiwa horon Man O' War, da wuya ka sami wanda ya taɓa taka su. Kuma ba lalaci ne kaɗai dalili ba. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008 da na 2010 da suka biyo baya, kowa a garin nan da taswira yake yawo a kansa: nan ana shiga, can ba a shiga, can kuma sai da rana tsaka. Ƙauyukan kan dutse kuwa, a taswirar mutanen unguwarmu, ba su ma cikin lissafi.

Shi ya sa shirinmu bai fara da sayen takalmi ba, da neman mutum ya fara. Ina da abokin aiki Ba'afizere, ƙabilar da iyayenmu ke kira Jarawa, waɗanda yawancin ƙauyukansu ke cikin ƙaramar hukumar Jos ta Gabas mai hedikwata a Angware. Shi ya haɗa ni da ɗan baffansa, manomi ne, amma ranar Asabar yakan raka masu hawa. Da muka yi waya bai taɓo maganar kuɗi ba sai can ƙarshe. Sharuɗɗa ya fara jero mini: mu iso kafin rana ta ɗaga, ba za a taka dutse ba sai an gaisa da mai unguwa, ba a ratsa gonar mutum, ba a ɗaukar kowa hoto sai an tambaye shi, kuma duk ledar da muka shigo da ita, da ita za mu fita. Ya ƙara da cewa hanyar zagaye ce, ta inda aka hau ba ta nan ake sauka ba. Wanda ya gaji a tsakiya ba shi da damar ya zauna ya ce a dawo a same shi.

Shawo kan Hajiya ya fi samun jagora wuya.

"Me aka ajiye muku a kan dutsen?"

"Babu komai, Hajiya. Gani kawai za mu yi."

"Daga nan ba kwa ganinsa ne?"

Ba ta amince ba sai da abokin aikin nawa ya zo har gida ya gaishe ta, ta tambaye shi sunan ƙauyensu da sana'ar mahaifinsa, ta sa aka rubuta mata lambarsa a bayan kalanda. Sannan ta yanke hukunci cewa Yaya zai bi mu, mutumin da ko benen kasuwa ba ya hawa sai ya huta a tsakiya. Ƙanwata, wadda ita ce ta fara kawo maganar tafiyar, ta shiga ayari ba tare da an sake tambayar kowa ba. Sai wani abokina malamin Islamiyya.

Mun zaɓi ƙarshen Nuwamba, kuma duk mai shirin zuwa zan ba shi shawarar ya yi haka. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har cikin Oktoba, kuma dutsen da ruwa ya jiƙa ya yi gansakuka ba wurin gwada jarumta ba ne. Idan kuma aka bari Janairu ya shigo, hazo zai cinye duk abin da aka hau domin a gani, ga mafarauta da masu ƙunar daji sun mayar da gangaren toka. A ƙarshen Nuwamba dutse ya bushe, ƙoramu ba su ƙafe ba tukuna, ciyawa ta yi ruwan zinariya. Kaya ba su da yawa. Takalmi mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, ba sabo ba, ba kuma silifa ba. Dogon wando saboda ƙaiƙayin ciyawa. Rigar sanyi mai sauƙin cirewa, domin wanda ya fito da asuba yana rawar ɗari, kafin hantsi zufa yake yi. Ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, da dabino da ƙuli-ƙuli. Jagoran ya ce kar mu manta da goro.

Muna idar da sallar asuba muka ɗauki hanyar Lamingo. Sanyi ya sa direban keken da muka yi shata ya naɗe kansa da mayafi, ido kaɗai ake gani. Muka wuce madatsar ruwa, tururi na tashi a samanta, muka bar kwalta. A wannan yankin ne makarantar horon shugabanci ta gwamnatin tarayya take, wadda kowa ke kira Man O' War. Asalin sunan daga wani gaɓar teku ne kusa da garin Victoria (Limbe a yau) a Kamaru, inda wani Bature mai suna Alec Dickson ya fara irin wannan horo a 1951, lokacin da yankin ke haɗe da Najeriya. Mun ji waƙar masu atisayensu daga nesa, amma hanyarmu ba ta bi ta wurinsu ba.

Jagoran na jiranmu a gindin wani mangwaro, ɗan siriri da shi, da takalmin roba irin na masu lambu da adda a rataye. Ya dubi ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya kafin ya dubi fuskokinmu. Na Yaya ya fi daɗewa yana kallo, amma bai ce komai ba, sai ya shiga daji ya saro masa sanda.

Mai unguwa dattijo ne, mun same shi yana jin ɗumi a bakin wuta da tsohuwar kwat a kan rigar sanyi. Muka durƙusa, Yaya ya miƙa goro.

"Baba, ina kwana? Mun zo neman izini ne, za mu hau dutse."

"Lafiya lau, 'ya'yana. Daga wace unguwa?"

Yaya ya faɗa. Na lura da ɗan shirun da ya biyo baya, shi ma na san ya lura. Sai dattijon ya ce a wannan unguwar ya koyi ɗinki yana saurayi, a shagon wani Bakano da ke bakin masallaci, ya tambaya ko layin masu gyaran keke na nan har yanzu. Babu shi, an rushe an yi shaguna. Ya girgiza kai, ya ɓare goro ɗaya ya ba Yaya rabi. Gargaɗinsa biyu ne: akwai wani kurmi da ba a shiga, yaron zai nuna mana, kuma kar rana ta faɗi muna sama. Gaisuwar duka ba ta kai tsawon shan shayi ba, amma daga baya na gane amfaninta. Duk inda muka ratsa a ranar, labarinmu ya riga mu isa.

Farkon tafiyar cikin gonaki ne. Hanyar 'yar siririya ce tsakanin shingayen ƙerana da suka fi mutum tsawo, irin shingen da ake gani a ƙauyukan Filato da yawa. Yanzu aikinsa hana akuya ɓarna, amma a zamanin hare-haren bayi katanga ce mai rai, kuma wannan tsoron ne ya sa kakannin mutanen nan suka zaɓi zama cikin duwatsu. Jagoran ya hana ƙanwata taɓa wani reshe da ya karye yana zubar da farin ƙaro. Ya ce in ya shiga ido, tafiyar ta ƙare ke nan. Sama kaɗan, inda gangare ya fara tsanani, gonakin suka zama hawa-hawa, an tare kowace da jerin duwatsu don kar ruwa ya kwashe ƙasa. Wata ba ta fi faɗin ɗaki ba. An girbe acca, sai kututture, tamba na jiran lauje, ga rizga da gwaza a inda ke da laima. Daga cikin gari abin da ido ke gani ƙazamin dutse ne kawai. A kusa kuwa, da wuya ka sami tafin ƙasa da ba hannun wani a kai.

Daga nan hanya ta gangara cikin kwazazzabo, muka shiga kurmi. Sanyin wurin daban ne, mai laima, mai warin ruɓaɓɓen ganye. Ƙorama na gudu a ƙarƙashin duwatsu, ana jin ta ba a ganinta sai jefi-jefi. Malmo da ɓaure sun haɗe sama, igiyoyin daji na reto, dole mu riƙa sunkuyawa. Irin wannan daji a Filato bakin ruwa kawai yake bi, faɗinsa kaɗan ne, taku hamsin ka fita fili. Jagoran ya ɗaga hannu muka tsaya. A kan wani dutse da rana ta fara taɓawa akwai wasu 'yan tsuntsaye jajaye, ba su kai gwara girma ba. Ya ce masu nazarin tsuntsaye daga Laminga kan zo da madubin hange saboda irinsu. A Laminga ɗin ne dajin Amurum yake, mai faɗin kusan hekta 300, wanda mutanen garin suka kiyaye tun kaka da kakanni, kuma tun 2001 akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a cikinsa, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Akwai wani jan tsuntsun duwatsu a yankin da masana ba su tantance shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998. Yana da wani baƙin maƙwabci da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwai a sheƙar jan, a ƙyanƙyashe masa, a ciyar masa, ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukan masu riƙonsa. Yaya ya ce ya san mutane masu irin wannan hali a kasuwa.

Kurmin da aka hana shiga yana hannun hagu bayan mun tsallake ƙoramar. Ba alama, ba shinge. Bambancinsa kawai, itatuwansa sun fi na ko'ina kauri, kuma ba ka ganin sawun gatari ko ɗaya. Jagoran Kirista ne, har mawaƙin coci ne, amma ya ce shi ma ba ya shiga. Ban tambaye shi dalili ba.

Hawan gaske daga bayan kurmin ya fara. Falalen dutse ne tsirara, ba inuwa, ba abin kamawa, ya miƙe sama har ya haɗu da sararin samaniya. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere mafi tsawo kuma ta kai wajen mita 1,829. Ba ta kai Chappal Waddi na Taraba ba, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni a Najeriya, amma ga mai zaman shago ta isa. Mu ba ƙololuwar muka nufa ba, wata kafaɗa ce a ƙasa da ita. Jagoran ya koya mana tafiyar: a dasa tafin ƙafa gaba ɗaya, ba kan yatsu ba, a yi gajeren taku, a riƙa karkacewa dama da hagu maimakon a tunkari dutsen kai tsaye. Kuma kar a zauna in an gaji, a tsaya a tsaye a mayar da numfashi. Abin da ke karya zuciya a nan shi ne, sau da yawa za ka hango baki ka ce an iso, kana kaiwa sai wani ya ɓullo a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Yaya ya daina magana gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba, sai ƙarar sandarsa a kan dutse.

Sai muka iso inda ya fi tsaya mini a rai. Wasu manyan duwatsu biyu sun jingina da juna, tsakaninsu tsaga ce da ba ta fi faɗin kafaɗa ba, kuma hanya ta cikinta ta bi. Sai an cire jaka an miƙa wa na gaba, a shiga a karkace, ƙirji na gogar dutse ɗaya, baya na gogar ɗayan. Ciki duhu ne da sanyi da zarnin kashin rema. A tsakiya akwai wani dutse da ya maƙale a sama, dole a durƙusa a bi ta ƙarƙashinsa, kuma duk wanda ya ɗaga kai ya gan shi sai ya tambayi kansa me ke riƙe da shi. Ƙanwata ta wuce tana dariya. Malam ya wuce yana karanta abin da ya sawwaƙa. Yaya ya shiga, ya kai rabi, ya tsaya.

"Yaya, ka saki numfashi, ka shanye cikinka."

"Ke, in na fita za ki gane kurenki."

Jagoran ya koma ta baya ya nuna masa inda zai sa gwiwar hagu, ya ce ya sauke kafaɗa ɗaya. Ya fito da maɓalli biyu a tsinke da farar ƙura a gemu.

Bayan tsagar fili ne mai faɗi, kuma a nan ne duwatsun suka yi abin da ke kawo masu kyamara. Ƙaton dutse mai girman ɗaki zaune a kan wanda bai kai rabinsa ba. Uku a jere, ɗaya bisa ɗaya, na saman ya karkata. Ƙanwata ta ce wancan raƙumi ne a durƙushe, Malam ya ce shi tulu yake gani. Jagoran ya nuna mana wani curi can nesa da masu hawa ke kira Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju, Yaya ya ce shi dai kar a ce ya leƙa bayansu. Ba hannun mutum a wannan aiki. Duwatsun nan narkakken dutse ne da ya sandare a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, ya tsattsage a tsaye da a kwance yayin da yake hucewa. Ruwa ya riƙa bin tsagogin yana cin kusurwoyi tun suna binne, har kowane yanki ya zama mulmulalle. Da zaizaya ta kwashe ƙasar da ke kewaye, sai suka rage a ɗore yadda suke. Dutsen Riyom da matafiya ke tsayawa ɗauka hoto a hanyar Abuja haka ya samu. Aikin bai tsaya ba har yau: in ka ƙwanƙwasa wasu wurare za ka ji amon kogo, ɓawon dutsen ne ya rabu da jikinsa saboda zafin rana da sanyin dare, yana jiran ranar faɗuwa.

A kafaɗar muka zauna muka ci dabino. Iska ta busar da zufar nan take har sai da muka mayar da rigunan sanyi. Jos na shimfiɗe a yamma, rufin kwano na ƙyalli, kuma daga nan ba mai iya nuna maka inda unguwar wane ta ƙare ta wane ta fara. Ruwan da ke sauka a kan tudun nan gida uku yake rabuwa: kogin Kaduna ya nufi Neja, Gongola ya nufi Binuwai, Dilimi kuma da ke ratsa garinmu ya bi ta ƙasar Bauchi ya nufi tafkin Chadi. Can kudu, wajen Rayfield da Bukuru, tafkunan kuza ne birjik, da jajayen tuddan ƙasar da aka tono. Turawa sun fara haƙar kuza a nan tun farkon shekarun 1900, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, har aikin tilas aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa. Kakanmu a wancan zamanin ya zo daga ƙasar Kano, ta ƙaramin jirgin ƙasan Zariya zuwa Jos wanda aka rufe a 1957. Kasuwar kuza ta durƙushe a shekarun 1980, kamfanoni suka tafi suka bar ramuka. Yau da ruwansu ake noman kabeji da karas da tumatirin da ke cika kasuwar Farin Gada, kuma su ne ke cin yara masu wanka.

Duk wanda ya ce maka hawa ya fi sauka wuya bai sauka ta bayan Shere ba. A hawa huhu ne ke wahala, yana kuma warkewa in an tsaya. A sauka gwiwa ce, ita kuwa ba ta yafewa. Abu biyu ke kayar da mutum: tsakuwar da ta ɓarɓashe a kan falale, da busasshiyar ciyawa da ta kwanta, wadda santsinta ya yi na miyar karkashi. Dabarar ita ce a juya gefe, a sauke ƙafa ɗaya a tabbatar ta kama kafin a ɗaga ɗayar, a bar tazara tsakanin mutum da mutum don in dutse ya gangaro kar ya sami na ƙasa. Inda ya yi tsanani, a ajiye girman kai a zauna a ja gindi. Dukkanmu mun yi, har Malam da farar rigarsa. Muna cikin wannan hali wata mata ta wuce mu da damin itace a ka da goyo a baya, silifa ce a ƙafarta, ta ce mana sannu ba tare da ta rage sauri ba.

Azahar ta yi mana a wani ƙauye da ke cikin kwari, gidaje ba su fi ashirin ba, ɗakunan laka da rumbuna a maƙale tsakanin duwatsu, wasu an yi musu rufin kwano, ga faifan sola a kan coci. A kan wani falale mata na sussukar acca. Wanda bai ga wannan aiki ba ba zai gane dalilin tsadarta a kasuwa ba. Ƙwayar ba ta fi yashi girma ba. Sai an tattake, a sheƙe, a surfa a turmi, a sake sheƙewa, a sake surfawa, sannan a rege ta da ruwa ƙwarya bayan ƙwarya har yashin ya rabu da ita. Ƙanwata ta karɓi taɓarya, ta yi bugu kaɗan, accar ta fantsama waje, matan suka kwashe da dariya suka karɓe abinsu.

Gidan gwaggon jagoran aka sauke mu. Malam ya matso kusa da ni yana tambaya a hankali ko ruwanmu zai ishe mu alwala. Kafin in amsa tsohuwar ta fito da ruwa a roba da tabarma a hammata, ta kori kaji, ta shimfiɗa a inuwar rumbu.

"Ga ruwa, Malam. Gabas ɗinku can ne, saitin wancan dutsen."

"Mun gode, Mama. Allah ya saka."

Ta ce Fulanin da ke kawo mata nono nan suke yin tasu. Da muka idar aka kawo gwaten acca da zafinsa, ya sha yakuwa da gauta da gyaɗa, ta kuma faɗa da bakinta, tun ba a tambaya ba, cewa babu nama a ciki. A bayan gida wasu dattawa na zaune da ƙoƙunan burkutu, suka ɗaga mana hannu, muka ɗaga musu.

Ba zan ce komai lafiya lau ba ne a duwatsun nan, jagoran ma bai ce ba. Da muke cin abinci na tambaye shi ko ko'ina zai iya kai mu. Ya ce a'a. Akwai ɓangaren da aka yi rigimar gona da shanu, ba zai bi da baƙi ta can ba, kowane irin baƙi. Akwai kuma lokutan da in gari ya ɗauki zafi zai kira ya ce kar a zo. Sai ya juyo da tambayar kaina: in ya zo unguwarmu da magariba, ni zan iya tsaya masa? Na ce zan iya. Ya ce to shi ma iyakar abin da yake da shi ke nan, mutanen da suka san shi.

A bakin ƙauyen, inda hanya ta juya ta nufi inda muka faro, muka ci karo da mutum-mutumi a tsaye cikin ciyawa, sun kai shida ko bakwai. Wani matashi ne da ya karanta zane a kwaleji ya dawo gida yake yin su da siminti. Mun same shi a kan wani sabo. Da rodi yake fara ƙera ƙashin, ya lanƙwasa hannu da ƙafa, ya naɗe da ragar waya, ya cusa tsofaffin buhuna a ciki don kar ya ci siminti da yawa. Sannan ya yaɓa kwaɓin farko mai kauri, ya bar shi ya sha iska, ya bi da mai laushi, yana fitar da ido da yatsu da bakin cokali da tsinken keke. Ya ce babban abokin gabarsa iskar hunturu ce: in bai lulluɓe aikin da jiƙaƙƙen buhu yana yayyafa ruwa kwana da kwanaki ba, tsagewa zai yi. Akwai mai busa sarewar rawar Asharuwa ta Afizere, kumatu a kumbure. Akwai mace mai surfe. Akwai kuma lebura da kwanon sarki a ka da diga a hannu, haƙarƙarinsa a waje. Ni da Yaya a gaban wannan muka daɗe. Ba mu da hoton kakanmu ko ɗaya.

Malam bai matso ba. Ya tsaya a bakin hanya, ya gaisa da matashin da hannu biyu, ya yaba masa ƙoƙarin neman na kai, amma ya ce shi ba ya tsayawa a kan surar mai rai, kuma kar a sa shi a hoto. Matashin ya ce ya saba, limamin cocinsu ma sai da ya yi masa tambayoyi. Ni dai ina ganin wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Masu haƙar kuza ne suka fara tono kawunan yumɓun nan na Nok a 1928, kuma a 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kai daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonarsa ta doya yana korar tsuntsaye da shi. Shekarunsu sun haura 2,000. Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, inda har yau ake ajiye da wasunsu, kusa da filin da aka gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Juma'ar Zariya na Babban Gwani da jar ƙasa. Matashin ya ce yana firamare aka kai su can, daga ranar ya fara wasa da laka.

Sauran hanyar ba abin faɗa, doguwar gangara ce cikin bishiyoyin turare, ƙafa na ciwo, kowa ya yi shiru. Abin da ya ɓata mini rai kawai, yadda muke kusantar inda mota ke iya zuwa haka ledojin ruwa da robobin lemo da kwalayen abinci ke ƙaruwa, kuma ba mutanen ƙauye ke zubar da su ba, irinmu ne 'yan cikin gari masu zuwa shan iska. Jagoran ya ciro buhu daga aljihu, ashe kullum da shi yake tafe. Kafin mu kai gindin mangwaron ya cika, ni da Malam muka riƙa karɓa-karɓa.

Mun iso la'asar sakaliya. Muka koma muka shaida wa mai unguwa mun sauko lafiya, domin wannan ma yana cikin ƙa'ida, in ba a yi ba sai a tura yara nema. Muka yi karo-karo muka sallami jagoran, Yaya ya ƙara masa wani abu daga aljihunsa saboda maganar tsaga. Ya ce akwai wata hanyar ta ɓangaren Fobur da ta fi wannan tsawo, in muna so sai bayan an gama girbi. Ƙanwata ta ce a sa sunanta. Yaya ya ce shi a fara tambayo masa faɗin duwatsun can tukuna.